Harawa ko dusa, wanne mai awaki a Zariya zai fara zuba wa kuɗinsa kafin rani?

Satin da ya wuce naje gaida gwaggona a cikin birni, can wajen Ƙofar Doka, na tarar ta kwashi adashi har ta kira yaro zata aike shi Tudun Wada ya sayo mata dusa buhu uku saboda awakinta. Guda biyar ne da ita, uwaye uku jajaye irin namu, sai 'yar budurwa ɗaya da bata taɓa haihuwa ba, sai bunsuru. Nace Gwaggo harawa fa? Tace ɗan nan ai harawa cika ciki ce kawai, dusa ita ce abinci. Wannan maganar ce tasa na zauna rubuta wannan, don ba ita kaɗai ke da wannan fahimtar ba, yawancin masu kiwon cikin gida a garin nan haka suka ɗauka, ni ma haka na ɗauka shekarun baya har sai da nayi asarar da har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Bari in fara da cikin akuyar kanta don in ba'a gane shi ba sauran maganar bazata zauna ba. Akuya ba kaza bace. Tumbinta cike yake da wasu ƙananan halittu da ido baya gani, su ne ke narka ciyawa da ganye su mayar mata da shi ƙarfi da nama da nono, kaga kenan in ka zuba mata abinci su ka fara ciyarwa kafin ita. Su kuma abin da suke so shine abu mai kaushi wanda zata haɗiye ta dawo da shi ta tuƙa, don a wajen tuƙar nan ne take samar da yawu mai yawa, yawun kuma shi ke kashe tsamin da ke taruwa a tumbin. Dusa bata sa tuƙa sosai, laushi gareta, tana shiga tayi saurin tsami. Shiyasa duk safiya abu na farko da nake dubawa a garkena shine waye ke kwance yana tuƙa waye baya yi. Wadda ta daina tuƙa akwai magana.

Sai yawan abin da take ci. Akuya tana cin busasshen abinci kamar kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin jikinta a rana, uwa jar akuya mai kilo 25 kenan tana neman giram 750 zuwa kilo 1. In ɗanyar ciyawa ce ta damina kuwa sai ka ninka wajen sau huɗu saboda yawancinta ruwa ne. A cikin wannan kilo ɗayan, kashi biyu cikin uku ko ma fiye ya kamata ya zama harawa ko ciyawa ko ganye, ragowar ne gurbin su dusa. Gwaggo kuma so take ta juya lissafin.

Toh mu ɗauki harawa. Cewa cika ciki ce kawai, wannan siffar kara ce da busasshiyar ciyawar rani, su kam gaskiya ne, gamba ko kyasuwa da ta bushe a tsaye har Janairu furotin ɗin da ke cikinta, wato sinadarin gina jiki, yana sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100, alhali halittun tumbin nan suna buƙatar wajen kashi 7 kafin ma su iya aiki yadda ya kamata, shiyasa zakaga akuya ta wuni tana cin kara cikinta ƙato amma ƙashin bayanta a waje. Harawa daban ce. Wake da gyaɗa dangin shukar da ke tara furotin ne a ganye, harawa mai kyau mai ganye tana kaiwa kashi 12 zuwa 15, ta wake in an yanke ta da ɗanyenta ma tana iya wucewa. Wato ta fi dusar masara furotin, wadda ita bata cika wuce kashi 10 ko 11 ba. Mutane da yawa in na faɗa musu haka basa yarda. Ga kalsiyam kuma da yake cike a harawa, wanda shine ƙashi da nono, dusa kuwa bata da shi sai kaɗan.

Tsakanin ta wake da ta gyaɗa fa? Ni dai inaga ta wake ta fi daɗi a bakinsu kuma in ganyenta na nan ta fi ƙarfi, amma matsalarta ganyen ne, da ta bushe sosai ko an cika jujjuya ta daga gona zuwa kasuwa zuwa gida sai ya kakkaɓe ya barka da igiya zalla, kuma amfanin yana ganyen. Ta gyaɗa ta fi jure ajiya musamman wadda aka dandaƙa aka cusa a buhu, kuma sukan cinye ta kusan tas, sai dai ka kula da ƙasa da yashi saboda tuge ta akeyi, akwai buhun da in ka zazzage zaka samu mudu guda na ƙasa a gindinsa kuma da kuɗinka ka saya. Sannan gyaɗa tana riga wake fita, sau da yawa ana cire ta ruwa bai gama ɗaukewa ba, toh in ruwa ya daki harawar tana shanya sai tayi baƙi tayi fumfuna. Ka buɗe tsakiyar damin ka duba, ka sunsuna. Kore-kore mai ƙamshi ita ake nema. Wadda tayi baƙi ko tana tashin hoda fara ko da kyauta aka baka kar ka ba mai ciki. In da hali a haɗa biyun, ta gyaɗa ta zama ta kullum, ta wake a ɓoye wa masu shayarwa da lokacin bazara. Kowar wake ma, wato ɓawon da ake samu bayan an sussuka, tana taimakawa sosai wajen ƙara auki duk da bata kai harawar ba.

Wanda ke da 'yar gona ko a Shika ko Dakace ko hanyar Giwa, akwai irin gyaɗa SAMNUT da irin wake SAMPEA da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ke fitarwa, a cikinsu akwai waɗanda aka yi su don su bada 'ya'ya su kuma bada harawa mai yawa, a tambaya kafin a saya. Mu fa 'yan Zariya Allah ya ajiye mana abin a ƙofar gida, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, tun 1928 ake kiwon bincike a wurin, 1976 ta koma cibiyar ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello wato ABU, aikinsu kenan dabbobi da ciyawar dabbobi, amma sai kaga mutum yana kiwo shekara ashirin bai taɓa taka wurin ya tambayi ko irin lablab ba, wani dangin wake da ake shukawa don abincin dabbobi.

Yanzu dusa. Kar wani ya ɗauka kushe ta nakeyi, wallahi ina saye kuma bazan daina ba. Abin da dusa ke da shi wanda harawa bata kai ta ba shine ƙarfi, shi ke sa ƙiba da sheƙin gashi, shi ke riƙe uwa mai tagwaye kar ta zube. Kuma tana da sauƙi ga matan gida, a jiƙa a baho a ajiye shikenan, ba sai an nemi rumfar ajiya ba, ana samunta kowane wata a mudu ko tiya daidai kuɗin hannunka. Wannan sauƙin shi yasa ta zama abincin awakin birni.

Amma dusa kala-kala ce. Ta masara ta fi ƙarfi, musamman wadda injin surfe ya bar mata ɓarɓashin tsaki. Ta gero da ta dawa ta gida, wadda aka surfa a turmi, tana da kyau kuma ka san abin da ke ciki, sai dai bata da yawa. Ta alkama ta kamfani ta fi su furotin, tana kai kashi 15 zuwa 17, masu shayarwa suna jin daɗinta, amma daga nesa ake kawo ta shiyasa kuɗinta ke bin kuɗin mota, kuma ita ce ta fi kowacce yawan wani sinadari da ake kira fosfaras wanda zan zo kansa. Dusar awara da mata ke samu bayan sun tace waken suya tana da furotin sosai, amma jiƙaƙƙiya ce, kwana ɗaya biyu ta fara wari, ko a bayar a ranar ko a baza a rana ta bushe. Sai algus, wanda ke ƙona min rai, ana cakuɗa dusa da niƙaƙƙen ɓuntun shinkafa don buhu ya cika, shi kuma ɓuntu kusan ba abin da akuya ke samu a ciki. Ka damƙa ka murza a tafin hannu, in kaji tana soke ka kamar ƙaiƙayi toh an haɗa.

Ga inda dusa ke kisa. Na farko tsamin ciki. Akuya ta samu buhu a buɗe, ko anyi suna an juye mata ragowar tuwo da shinkafa roba guda, ko yau ka fara bata dusa ka cika mata baho, zuwa dare ciki ya kumbura ta ɓangaren hagu, ta daina tuƙa, zawo, tana cije haƙora, wata kafin asuba ta tafi. Duk sabon abinci a hankali ake shigar da shi, ɗan kaɗan yau a ƙara gobe har kamar kwana goma zuwa sati biyu.

Na biyu shine wanda ya same ni. Ina da wani taure da na ware don sallah, na ɗaure shi ina ta ɗura masa dusar alkama safe da yamma don inga ya cika, harawa sai ɗan abin da ba'a rasa ba saboda lokacin tayi tsada, ruwa kuma sau ɗaya a rana. Yayi kyau kam, kowa ya shigo sai ya tanka. Wata safiya naga yana ta miƙa yana yunƙuri yana kuka, na ɗauka kashi ne ya ƙi fita na bashi man gyaɗa, ashe fitsari ne ya toshe. Kafin in kira likitan dabbobi an kwana biyu, yace tsakuwa ce ta taru a mafitsara ta toshe hanya kuma an makara, dole aka yanka. Shi ya min bayanin cewa jikin akuya yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu, dusa kuma akasin haka take, fosfaras ɗin da yayi yawa ta fitsari yake fita, in ruwa yayi kaɗan sai ya daskare. Mace hanyar fitsarinta gajera ce mai faɗi bata cika samun matsalar ba, namiji kuwa tasa doguwa ce siririya, wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami ma ya fi shiga haɗari. Na daɗe ina jin ciwon abin don dabbar ta sha wahala a hannuna kuma da harawa da bokitin ruwa da ba'a kai nan ba. Duk mai ɗaure bunsuru ko rago don sallah dan Allah ya riƙe wannan, kuma in kaga namiji yana yunƙuri ba fitsari kar ka jira gobe, akwai asibitin dabbobi na ABU a Samaru akwai likitoci a gari.

Akwai abinci na uku a gefe wanda ba harawa ba dusa, wato angurya da aka matse mai, da tunkuza ko ƙuli. Mu nan kusa da Funtua muke ƙasar auduga, samunta baya wahala. Furotin ɗinta ya haura kashi 20, ƙuli ma ya ninka haka, shiyasa ba'a cika baho da su, awo uku na dusar masara awo ɗaya na angurya ya isa ya ɗaga haɗin zuwa wajen kashi 14. Sai dai angurya tana da wani guba da babbar akuya ke iya sarrafawa a tumbinta amma 'yan ƙanana da tumbinsu bai gama ƙwari ba basa iyawa, kar a basu sai bayan yaye. Abincin kamfani na buhu kuwa wanda aka riga aka haɗa, yana da kyau in na kirki ne, amma ga mai awaki biyar ni banga ribar ba, kuma shi ma gurbin dusa yake cikewa ba na harawa ba.

Maganar kuɗi ita ce ta raba gardamar a wajena. Dusa tana hawa tana sauka amma bata ɓacewa, duk ranar da injin surfe ya tashi akwai dusa. Harawa sau ɗaya take fita a shekara. Daga Oktoba zuwa Disamba tana ko'ina, a ƙauyukan Giwa da Makarfi da Soba manomi ma so yake ka kwashe masa, amma bari Maris ya shigo, Afrilu, rana ta buɗe, ciyawa ta ƙare ƙurmus, masu kiwon sallah sun fito nema, damin da ka raina a kaka sai ka saye shi ninki kana godiya. Toh kaga wanda ya zuba kuɗinsa a dusa a kaka ya sayi abin da zai iya samu kowane lokaci, ya bar abin da ke gudu. Ga shi dusa bata son doguwar ajiya, ta masara mai maiƙo ce tana yin ɗaci, ƙwari su shiga, ɓera ya huda buhu, in ƙasa da laima ta dunƙule tayi fumfuna. Harawa kuwa in ka ɗora ta a kan rumfa ko ka jera a ɗaki a kan katako, inda rana bata dukanta kai tsaye kuma gara bata kai mata, zata kai ka har ruwa ya sauka. Masu ɗorawa a kan rufi su sani rana tana cinye korenta, kuma ruwan farko na Afrilu ko Mayu baya sallama, a nemi leda ko tamfol tun da wuri.

Lissafin da nayi wa Gwaggo a bayan kwalin magani shine, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu kwana 200 ne da ɗoriya, in kowace babba zata ci giram 600 na harawa a rana kilo 120 kenan, biyar kuma kilo 600, kuma wannan in ba'a zubar ba. Akuya kuwa akwai tsantsami, abin da ta taka ko ta yi wa fitsari bazata ƙara kallonsa ba, toh masu watsa harawa a ƙasa suna asarar kaso mai yawa. A rataye damin da igiya daidai kanta, dama ita mai son ɗaga kai ce ta ci ganye ba mai sunkuyo kamar tunkiya ba, ko a sa a kwando a ɗaure a bango. Hakan ma yana rage tsutsar ciki.

Wani zai ce ai nawa sakinsu nake da rani suna nema da kansu. A ƙauye inda akwai gonakin da aka girbe da gawo yana zubar da 'ya'ya, eh wannan kiwo ne mai kyau, gawo ma da rani yake ganye lokacin da komai ya bushe. Amma a Sabon Gari ko Tudun Wada ko cikin birni me zata samu in ba bola ba? Leda take haɗiya, ledar ta taru a tumbi ta dunƙule, akuya tana ci tana ramewa kayi ta allura a banza, mahauta sun fi kowa sanin wannan. Ga mashin ga ɓarayi. Wanda kuma ke kusa da gona ya kiyayi gyauron dawa, sabon tohon nan da ke fitowa bayan girbi ko ƙaramar dawar da fari ya kama, guba ce mai kisa cikin ɗan lokaci, haka ɗanyen ɓawon rogo sai an shanya shi ya bushe, haka takin yuriya in an bar buhu a inda zasu kai baki.

Kuma ba duka biyar ɗin ke cin abu ɗaya ba, nan ne dusa ke da ranarta. Cikin akuya wata biyar ne, kwana 150 ko kusa da haka, kuma yawancin girman ɗan a sati shida na ƙarshe yake yi, a daidai lokacin da ya danne tumbin uwar bata iya cin mai yawa. Jar akuya kuma ga yawan tagwaye. Toh wannan ita za'a ba dusa da angurya, a fara da kaɗan a kai giram 250 zuwa 300 a rana a raba safe da yamma, a ci gaba har wata biyu na farkon shayarwa wanda shine lokacin da ta fi kowane buƙata. In aka bar ta da kara zalla zakaga ta kwanta ta kasa tashi gab da haihuwa, ko ta haifi 'ya'ya kamar ɓeraye ba nono, dakashin ma da ya kamata su sha a awannin farko bai taru ba. Uwar da bata da ciki bata shayarwa, harawa mai kyau ta ishe ta, in an bata dusa cikin tafi ɗaya ne don ta saba zuwa kira. Bunsuru shi ne mai mafi ƙarancin dusa a gidan. 'Yan ƙanana daga sati biyu zuwa uku zasu fara tsinken ganye, a ajiye musu harawar wake mai laushi inda manya basa kaiwa.

Gishiri da kanwa da ruwa bazan tsawaita ba. Kanwar da iyayenmu ke jiƙawa tana rage tsamin ciki amma bata maye gurbin dutsen lasa, a saya a rataye, a kuma duba wanda aka yi don awaki ne ko don tumaki tunda tumaki basa jure sinadarin jan ƙarfe da ake sawa a ciki kamar awaki. Ƙasari yana da kyau in bai kwana yayi tsami ba. Ruwa mai tsabta lita 2 zuwa 4 kowace a rana, mai shayarwa a zafin Afrilu ta fi haka, kuma da hunturu in yayi sanyi ƙarara basa sha, a bari rana ta ɗan taɓa shi. In kuma kana ciyarwa da kyau amma jiki baya karɓa, ja fatar idonta ta ƙasa ka duba, in tayi fari fat tsutsa ce ke shan jininta, a nemi likita ya bada magani, a kuma yi musu rigakafin PPR, wata annoba mai kashe awaki da tumaki.

Da na gama Gwaggo tayi shiru tace toh yanzu ya kake so ayi da kuɗin. Nace Allah ya ƙara miki lafiya, a raba uku, kashi biyu a tafi da su ƙauye a sayo harawa yanzu da take araha, yawanci ta gyaɗa da ɗan ta wake, ragowar a sayi dusar masara buhu ɗaya tak da rabin buhun angurya da dutsen lasa, in dusar ta ƙare a riƙa saye a tiya tunda biyu daga cikin uwayen sai wajen Fabrairu zasu haihu. Tace ina zan zuba harawa har haka a gidan nan? Muka zagaya bayan ɗakinta akwai tsohon ɗakin girki da aka daina amfani da shi, rufin kwanon yana yoyo ta kusurwa ɗaya, nace wannan ni zan turo a toshe. Ran Asabar zan je da yaron mu jera katako a ƙasa, na riga na yi magana da mai a-kori-kura da zai ɗauko mana daga Giwa.